Akwatin Mata Masu Dubara na da kwaɗo uku, takardunmu na intanet ba su da ko ɗaya

Duk wanda ke aikin ofis a yau, a Yamai yake ko Maraɗi ko Kano, ya saba jin wannan magana: "Na sa mahaɗin a shafinmu, kowa ya shiga ya cike nasa." Wani lokaci shugaban sashe ne ke faɗa, wani lokaci kuma sakataren ƙungiya ne a zauren WhatsApp. Mahaɗin nan, wanda matasa ke kira linki, shi ne shuɗin rubutun da ake latsawa ya kai mutum kan takardar da ke ajiye a Google Drive ko OneDrive. Kafin a jima mutum talatin sun taru a kan jadawali ɗaya, wannan na rubutu, wancan na gogewa. Aiki ya yi sauri, ba a buga takarda ba, ba a ƙona man babur ba.

Sauƙin gaskiya ne, kuma ba na cikin masu cewa a koma rajistar da gara ke ci. Amma garin neman sauƙin mun saki abin da iyayenmu ba su taɓa saki ba, wato sanin wanda ke riƙe da mabuɗi. Ra'ayina a taƙaice shi ne: ikon gyara takarda mabuɗi ne. A miƙa shi ga mutum da sunansa, saboda aiki sananne, zuwa lokaci sananne. Ita kuma takardar ta zama mallakin ma'aikata ko ƙungiya, kada ta zauna a aljihun mutum ɗaya. Wannan darasi ba sai mun je Amurka neman sa ba. Matan ƙauyukan jihar Maraɗi sun fi shekara talatin suna aiki da shi.

Mene ne haɗin Kona da wannan batu?

Mai karatu zai iya cewa wannan hirar manyan kamfanoni ce, masu shafin intanet na cikin gida da injiniyoyin kwamfuta. Ina ruwan Kona, ƙaramar hukumar karkara a gundumar Tasawa, ko ƙauyukan gundumar Mayahi, da irin wannan?

Ruwansu kuwa babba ne. Mutumin Kona ba ya buɗe jadawali a kwamfuta, amma sunansa na cikin jadawali. Jerin gidajen da za a ba tallafi a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare sabon gero bai nuna ba, a kwamfuta ake rubuta shi. Haka jerin waɗanda za a sayar wa hatsi cikin rahusa, da masu karɓar iri da taki, da yaran da ake bibiya saboda tamowa. Ƙungiyoyin agaji da ma'aikatu ne ke riƙe da waɗannan takardu, mutum a Tasawa na cikewa, wani a Maraɗi na dubawa, wani a Yamai na sa hannu, duk ta mahaɗi ɗaya da aka maƙala a shafin cikin gida.

Ga kuma ɓangaren 'yan ci-rani. Samarin wannan yanki sun bazu a Kano da Legas da Agadas, wasu har Aljeriya da Libiya. Idan famfon ƙauye ya lalace, ko ana son ƙara aji a makaranta, ko ɗan gari ya kwanta asibiti, a zauren WhatsApp ake yin karo-karo. Ana tura kuɗi ta Nita ko Amana, wani matashi mai ilimin boko ya buɗe jadawali yana rubuta wanda ya bayar da abin da ya bayar. Don kada a ce yana ɓoye wani abu, sai ya buɗe jadawalin ga kowa, har da ikon gyarawa.

A ce ɗan uwa da ke aikin gini a Tamanrasset ya turo sefa 50,000. Wani a zauren ya buɗe jadawalin a wayarsa mai tsagaggen gilashi, babban yatsansa ya goge sifiri ɗaya bai sani ba, adadin ya koma 5,000. Ranar lissafi sai a tarar kuɗin hannu da na takarda ba su yi daidai ba. Ba wanda ya ci ko dala, amma an fara kallon ma'aji da wani ido, shi kuma mai bayarwa ya ji an raina guminsa. Zumuncin shekara ashirin na iya tsinkewa a kan sifiri ɗaya. Idan kuma jadawalin na tallafi ne, layin da ya ɓace gida ne guda da zai kwana ba tuwo.

Ƙofar gida daban, ƙofar rumbu daban

Kuskuren da ya fi yawa a ofisoshi shi ne zaton cewa tunda shafin cikin gida na buƙatar kalmar sirri, duk abin da aka maƙala a cikinsa ya tsaru. Ba haka abin yake ba. Shafin cikin gida tamkar zaure ne mai ƙofa, mahaɗin kuma kwatance ne da aka rubuta a bangon zauren. Takardar kanta na can wani wuri, a rumbun ajiya na Google ko Microsoft, kuma tana da nata kwaɗon daban. Idan an bar ta a kan zaɓin da ke ba duk mai mahaɗi damar shiga, to wanda ya kwafi kwatancen ya tura wa abokinsa ya fitar da takardar daga gida, ko da ƙofar zaure na garƙame.

A Google, matakan izini uku ne: mai karatu, mai sharhi da mai gyara. Akwai kuma tambaya ta biyu, wato su wa za su iya shiga: waɗanda aka gayyata da adireshinsu na imel kawai, ko duk ma'aikatan kamfani, ko duk wanda mahaɗin ya faɗo hannunsa. Microsoft ma na da makamancin wannan a OneDrive da SharePoint: kowa da kowa, mutanen cikin ma'aikata, waɗanda dama ke da izini, ko mutane keɓaɓɓu. Zaɓin da ya fi haɗari shi ne haɗa "kowa" da "mai gyara". Shi ne kuma aka fi ɗauka, saboda shi ne ba ya jawo kiran waya ana cewa "ta ƙi buɗe mini".

Abubuwa uku ne ke biyo bayan wannan zaɓi, kuma mutane da yawa ba su lura da su ba. Na farko, wanda ba a gayyata da sunansa ba yana bayyana a saman takardar Google da hoton wata dabba marar suna, kuma idan ya shiga ba tare da akawun ba, tarihin gyare-gyare ba zai faɗi ko wane ne ya yi gyaran ba. Za ka ga an canza adadi da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, amma ba ka da wanda za ka tambaya. Na biyu, idan mai takarda bai kashe zaɓin ba, duk wanda aka ba ikon gyara zai iya gayyato wasu, har ya canza izini. Mabuɗin da ka ba mutum ɗaya sai ya haifi goma. Na uku, mahaɗi ba ya sanin an sallami ma'aikaci. Wanda ya bar aiki bara, ko aka kora saboda rashin gaskiya, muddin mahaɗin na cikin tsoffin saƙonninsa, ƙofar a buɗe take gare shi.

Wani sabon abu ya ƙara wa lamarin nauyi. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira da kamfanoni ke sa wa ma'aikatansu, irin su Copilot na Microsoft, suna lalubo amsa daga duk takardar da ma'aikacin ke da izinin gani. A da, takardar albashi da aka buɗe wa kowa bisa kuskure na iya shekara ba wanda ya ci karo da ita. Yanzu tambaya ɗaya ta isa ta fito da ita.

Manya ma sun faɗa wannan rami

Kada a ɗauka wannan ciwon masu ƙarancin ilimi ne. A watan Afrilun 2025 jaridar Washington Post ta ruwaito cewa ma'aikatan hukumar GSA, wadda ke kula da gine-gine da sayayyar gwamnatin Amurka, sun buɗe wani kundin Google Drive ga ɗaukacin ma'aikatan hukumar, mutum sama da 11,000. A cikin kundin har da zanen tsarin ginin fadar White House, kuma wasu takardun ba gani kaɗai ake iya yi ba, har gyarawa. Abin ya faro tun 2021, ya ratsa gwamnatoci biyu kafin masu bincike na cikin gida su gano. Ba ɗan kutse ne ya fasa komai ba. Wani ne ya latsa zaɓin "kowa a ma'aikata" ya wuce.

A ƙarshen 2023 kamfanin Ateam na ƙasar Japan, mai ƙera wasannin waya, ya sanar da cewa ya bar wani kundinsa na Google Drive a buɗe ga duk mai mahaɗi tun watan Maris na 2017. Bayanan mutum sama da 900,000 ne suka zauna a haka fiye da shekara shida.

Idan hukumar gwamnatin Amurka da kamfanin fasaha na Japan, masu ma'aikatan da aikinsu ke nan, za su yi wannan sakaci na shekaru, yaya ƙaramin ofishin ƙungiya a Tasawa, inda mutum ɗaya ne akanta, shi ne mai kula da sito, shi ne kuma ake kira idan firinta ta ƙi aiki? Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar nan ba ta buƙatar ƙwararren ɓarawo.

Darasi daga akwatin mata

A shekarar 1991 ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi. Mata su haɗu rukuni-rukuni, kowane mako su zuba abin da ya sawwaƙa, su ranta wa junansu, bayan kusan shekara su raba uwar kuɗi da riba. Daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. Yawancin matan da suka fara shi ba su yi boko ba, amma dubi yadda tsarin da ya samo asali daga gare su ya warware matsalar da ke kayar da masu digiri.

Kuɗin na cikin akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku. Mabuɗan na hannun mata uku daban-daban. Wadda akwatin ke kwana a ɗakinta ba ta da mabuɗi ko ɗaya. Ba a buɗe shi sai ranar taro, a gaban kowa. Akwai masu ƙirga kuɗi, su ƙirga a fili, a faɗi abin da ya rage da babbar murya, kowa ta tafi gida da adadin a kanta. Mako mai zuwa kafin a fara komai sai a tambaya nawa aka bari. Idan shekara ta zagayo, a sake zaɓen masu riƙe da muƙamai.

Abin lura a nan shi ne, tsarin ya raba gani da taɓawa. Kowace mace na ganin kuɗin, ba a ɓoye mata komai, amma ba kowace ce ke sa hannu a akwati ba. Wannan shi ne ainihin abin da sakataren ƙungiyarmu ta WhatsApp ya cakuɗa. Yana son nuna gaskiya, sai ya ɗauka hanyar nuna ta ita ce kowa ya iya gyarawa. Alhali nuna gaskiya na buƙatar kowa ya gani ne kawai. Idan kowa na iya gogewa, gaskiyar ma ba ta da inda za ta tsaya, domin abin da ka gani da safe ba lallai shi ne na yamma ba.

Kwatancen bai cika ɗari bisa ɗari ba. Akwatin mata ba ya buɗuwa sai mabuɗai uku sun haɗu, amma a Google mai gyara ɗaya ya isa ya canza komai shi kaɗai. Abin da ya fi kusa da kwaɗo uku shi ne matakin mai sharhi: a takardar rubutu mutum zai iya ba da shawarar gyara, ta fito da wani launi, ba za ta shiga ba sai mai izini ya amince. A jadawali kuma zai iya barin sharhi a kan gurbin da yake ganin akwai kuskure. Ɗaya ya kawo, ɗaya ya tabbatar. Ko a cinikin gona haka muka gada: mai saye da mai sayarwa ba sa rubuta takarda su kaɗai, sai da mai gari da shaidu. Dokar ƙasar noma ta Nijar ta 1993, wadda ta kafa kwamitocin kula da filaye, a kan wannan tunani ta ginu.

Takardar ta wace ce?

Akwai ɓangaren da aka fi mantawa da shi, shi ne mallaka. Kowace takarda a Google na da mai ita, wato akawun ɗin da aka ƙirƙire ta da shi. A ƙungiyoyi da ƙananan ofisoshi da yawa, wannan akawun na wani matashi ne da ya taɓa yin aikin sa-kai, ko sakataren da ya sauka. Idan ya tafi Libiya aka sace wayarsa, ko layinsa ya daɗe ba a aiki da shi kamfanin waya ya sake sayar da lambar, ko kuma aka ɓata da shi ya yi fushi, tarihin ƙungiya ya tafi tare da shi. Tun daga watan Disambar 2023 kamfanin Google ya fara aiki da ƙa'idar da ta ba shi damar goge akawun na ƙashin kai da ya shekara biyu ba a taɓa shi ba, tare da abin da ke ciki.

Wannan ya shafi hukumomi ma. A watan Afrilun 2024 gwamnatin Nijar ta rushe majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun magadan gari. A ranar miƙa mulki an saba miƙa hatimi da mabuɗan ofis da na mota. Tambayar da ya kamata kowace ma'aikatar magajin gari, daga Kona zuwa Kanambakashe, ta yi wa kanta ita ce: takardun da ke intanet fa, an miƙa su? An cire sunayen waɗanda suka tafi? Ya kamata jerin akawun da izini ya shiga takardar miƙa aiki kamar yadda kujeru da kabad ke shiga.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, aka kuma kafa hukumar HAPDP don sa ido a kanta. Najeriya ta sa hannu a kan tata dokar a 2023. Jerin da ke ɗauke da sunayen mutane, lambobin wayarsu, yawan 'ya'yansu da halin lafiyarsu amana ce a hannun wanda ya tattara. A wannan zamani da masu garkuwa da mutane ke addabar wasu yankunan kan iyakar Maraɗi da Najeriya, jadawalin da ke nuna wane gida ne ɗansu ke turo kuɗi da yawa daga waje ba abin da za a bari yana yawo a wayoyi ba ne. Irin wannan ko ikon gani bai kamata a ba duk mai mahaɗi ba.

Abin da masu adawa za su ce

Na san hujjojin da za a kawo, kuma wasunsu na da ƙarfi.

Za a ce wannan tsari na jinkirta aiki. A wurin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, ma'aikacin da ya hau tudu ya samu sanda biyu ba shi da lokacin jiran shugaba ya amince da buƙatar shiga. Gaskiya ne. Amma maganin wannan shi ne a raba izini tun kafin a fita aiki, ranar da ake raba katin shaida da rigar aiki. Kuma mafi yawan masu cewa suna buƙatar gyara takarda, ƙara bayani kawai suke so. Wannan aikin fom ne. Da Google Forms kowa zai turo nasa ya faɗa cikin jadawali ba tare da ya taɓa layin wani ba. KoboToolbox, wadda ƙungiyoyin agaji suka daɗe suna amfani da ita, tana ba da damar cike fom ko babu sabis, a tura idan an shigo gari.

Za a ce ba kowa ke da imel ba, kuma gida ɗaya na iya amfani da waya ɗaya. Wannan ma haka ne. Sai dai hujja ce da ke goyon bayan rage masu gyara. Idan waya na yawo tsakanin uba da ɗa da ƙane, izinin gyara da ke kanta ma yawo yake. Wanda ba shi da imel a tura masa hoton lissafi a zaure duk ƙarshen wata, ko a karanta masa a saƙon murya, kamar yadda mata ke faɗin abin da ya rage a akwati.

Za a ce ga Wikipedia nan, har da ta Hausa, kowa na gyarawa kuma ba ta rushe ba. Amsa ita ce Wikipedia na rubuta kowane gyara da lokacinsa da alamar wanda ya yi shi, tana da masu sa-kai da ke sintiri suna mayar da abin da aka ɓata, kuma ita ma tana kulle shafukan da ake yawan rikici a kansu. Jadawalin ƙungiyarku ba shi da mai sintiri ko ɗaya.

Hujjar da ta fi nauyi a wurinmu ita ce ta kunya. Yaya za ka ce wa Alhaji, wanda shi ya fi kowa ba da gudummawa, ko kawunka da ya kafa ƙungiyar, ba zai iya gyara takarda ba? Ai kamar ka ce ba ka yarda da shi ba ne. A nan ma matan sun riga mu. Shugabar rukuni ba ta jin an ci mutuncinta don mabuɗi ba ya hannunta. Kwaɗon nan kariya ce gare ta, domin ranar da kuɗi suka yi giɓi ba wanda zai nuna ta da yatsa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, kuma tsakanin muminai ake maganar. Rubutu da shaida ba zargi ba ne. Mutumin kirki shi ya fi kowa amfana da tsarin da ke nuna wanda ya taɓa me, saboda shi ne ke da sunan da zai ɓaci. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari, kuma takardar da aka bari a buɗe ita ce daddawar.

Aikin awa ɗaya

Gyaran bai buƙatar kuɗi ko injiniya. Ga duk wanda ke riƙe da takardun ofis ko na ƙungiya, ga abin da nake ganin ya dace ya yi a wannan makon.

Ya zauna ya lissafa duk mahaɗan da ke shafin cikin gida ko a saman zauren ƙungiya. Ya gwada kowanne a wayar da ba a shiga akawun ɗin ma'aikata da ita ba. Duk wanda ya buɗe, to a buɗe yake ga duniya.

Ya mayar da kowace takarda kan waɗanda aka gayyata kawai, ko ma'aikatan cikin gida a matakin karatu. Masu gyara kada su wuce biyu ko uku, kowa da nasa akawun. Kada a yi tarayya a kalmar sirri ɗaya, domin idan mutum biyar na shiga da suna ɗaya, tarihin gyare-gyare ya zama banza.

Ya kashe zaɓin da ke ba masu gyara damar gayyato wasu. A jadawali ya kulle guraben jimla da na sunayen da aka riga aka tantance. Ya tuna cewa ɓoye layi ba tsaro ba ne, abin da bai kamata a gani ba a cire shi zuwa wata takarda dabam.

Ya fitar da mallakar takardu daga akawun na mutum ɗaya. Kamfanin da ke biyan kuɗin Google ko Microsoft na da rumbun tarayya wanda takardunsa na ma'aikata ne, ba sa bin wanda ya tafi. Ƙaramar ƙungiya kuma ta buɗe akawun da sunanta don riƙe mallaka kaɗai, lambar farfaɗo da shi na hannun mutum ɗaya, kalmar sirri a rufe a ambulan wurin wani dattijo, aikin yau da kullum kuma kowa da nasa.

Duk ƙarshen wata a sauke kwafi da ba a iya gyarawa, a tura wa kowa. Duk wata uku a duba jerin masu izini. Ranar da mutum ya bar aiki ko ya sauka daga muƙami, a cire sunansa a ranar, ko da an rabu ana dariya.

Ga 'yan uwa da ke ci-rani, ku da kuke turo gumin ku gida, kuna da haƙƙin tambaya. Kafin ka tura kuɗin famfo ko na aji, tambayi sakatare cikin ladabi: mutum nawa ne ke iya gyara wannan jadawali, kuma su wane ne? Idan ya lissafo maka sunaye uku, tura da kwanciyar hankali. Idan ya ce kowa na iya gyarawa, roƙe shi ya sa kwaɗo tukuna. Mahaifiyarka da ke zuba dala ashirin duk mako a Kona ba za ta yarda da akwatin da ba ta san masu mabuɗinsa ba, kuma kuɗinka sun fi nata yawa.